Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na kai wa wani ƙanena ziyara a unguwar Agege ta birnin Ikko. Ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana fita tun da duku-duku, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Da muka gama gaisawa sai ya ja ni wata kusurwa ta falonsa, ya nuna mini tarin kayan wasan da ya saya wa ɗansa mai shekara biyu da 'yan watanni. Akwai mota mai batir da ke jiniya, akwai aku na roba wanda da an latsa cikinsa sai ya shiga jero baƙaƙen Turanci, ga kuma wata 'yar kwamfutar yara mai walƙiya da kiɗa. Ya dube ni cikin jin daɗi ya ce, "Yaya, ka san mu ba mu sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na yi wa kaina alkawari ɗana ba zai tashi da irin wannan rashi ba."

Muna zaune muna hira sai wani ƙadangare ya hau tagar falon, ya tsaya yana gyaɗa kai. Yaron ya gan shi, ya saki motar da ke hannunsa, ya miƙa yatsa cikin mamaki, sa'an nan ya juyo ya dubi fuskar ubansa. Uban yana amsa saƙo a waya. Yaron ya sake nunawa, ya sake waiwayowa. A karo na uku ya kama gefen rigar uban ya ja. Ba tare da ya ɗaga kai ba, ƙanen nawa ya kunna katun ya miƙa masa wayar. Yaro ya karɓa ya yi tsit, ƙadangare kuma ya yi gaba abinsa. Ban ce uffan ba, domin masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na tuna dare nawa na yi wa 'yata irin wannan, ina duƙe a kan takardun jarrabawar ɗalibai.

Tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai. Idan uba ya ciyar, ya tufatar, ya cika ɗaki da kayan wasa da littattafai, shin ya sauke haƙƙin ɗansa ke nan? Ko kuwa akwai wani bashi da yaro ke bin iyayensa wanda kuɗi ba sa biyansa, kuma ba a iya wakilta wani abu maras rai ya biya shi? Wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan ɗan rubutu.

Abin da yaron ya nema

Ya kamata mu fara da tambayar kanmu, me yaron nan yake so da ya ja rigar ubansa? Ba ƙadangaren yake so a kamo masa ba, domin ya riga ya gan shi. Abin da ya nema shi ne wani ya gani tare da shi, ya ce masa, "Kai, ƙadangare ne! Ka ga yadda yake gyaɗa kai?" Ta wannan ƙofa ce kalma ke shiga kan yaro. Ido biyu na babba da ido biyu na yaro su haɗu a kan abu guda, babba ya kira sunan abin, yaro ya kwaikwaya, babba ya gyara masa cikin dariya. Masana halayyar yara sun lura cewa jariri kan fara neman irin wannan haɗuwar hankali tun yana kusa da cika shekara guda, wato tun kafin ya iya furta kalmar farko.

A shekarar 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton ta ƙasar Amurka sun bayyana sakamakon wani gwaji mai ban sha'awa. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Kashi ɗaya aka riƙa kawo musu masu jin Sinanci, su zauna da su, su yi musu wasa, su karanta musu littafi, har zama 12. Kashi na biyu aka nuna musu waɗannan mutanen dai a talabijin suna faɗin maganganun. Da aka zo gwaji, jariran da suka zauna da mutane ido da ido sun iya bambanta sautukan Sinanci waɗanda babu su a Turanci. Waɗanda suka kalli talabijin kuwa ba su fi wanda bai taɓa jin harshen ba. Muryar ɗaya ce, kalmomin ɗaya ne, fuskar ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne, mutumin da ke zaune a gaban jariri yana ganin inda idon jaririn ya nufa, ya bi shi can.

Domin kada a ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba, akwai wani binciken da aka buga a 2014 a kan yara masu shekara 2 zuwa 2 da rabi. An tarar suna koyon sababbin kalmomi daga mutumin da ke magana da su kai tsaye ta kiran bidiyo, amma ba sa koyo daga bidiyon da aka naɗa tun da farko. Ashe kakar da ke Katsina ko Kontagora, wadda ake kira ta ga jikanta a Fatakwal ta tsokane shi ya rama, ba ɗaya take da katun ba, ko da yake ta allo ɗaya suke fitowa. Sirrin yana ga amsawa.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Mai tatsuniya ba ta soma labari sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," kuma ba ta ci gaba sai yara sun ba ta izini da cewa ta zo su ji ta. In ta ga ƙaramin cikinsu ya tsorata da Dodo sai ta sassauta murya, in ta ga sun fara gyangyaɗi sai ta jefo waƙa su amsa. Labarin Gizo da Ƙoƙi guda ne a ko'ina, amma kowane dare ana ɗinka shi daidai da waɗanda ke zaune a kan tabarmar.

Abin wasa, littafi da allon gilashi

Idan amsawa ita ce abincin hankalin yaro, to, ma'aunin da za mu auna kowane abu da muke ba shi a fili yake. Shin abin nan yana jawo babba kusa da yaro ne, ko yana sallamar sa?

Wata malama a Jami'ar Arizona ta Arewa, Anna Sosa, ta auna wannan a binciken da ta fitar a ƙarshen 2015. Ta ba iyalai 26 masu jarirai 'yan wata 10 zuwa 16 kaya iri uku, wato kayan wasa masu batir da ke magana, da kayan wasa na gargajiya irin su tubalan katako, da kuma littattafan hotuna. Aka naɗi abin da ke gudana a gidajensu. Lokacin wasa da masu batir, iyaye na furta kimanin kalma 40 a minti guda. Da kayan gargajiya adadin ya kai 56, da littafi kuwa ya kai 67. Musayar magana tsakanin uwa da ɗa ita ma ta fi ƙaranci a wajen masu batir. Iyalan ba su da yawa, amma abin da aka gano ya yi daidai da abin da kowa zai iya gani a falonsa. Idan abin wasa ya buɗe baki, uwa sai ta rufe nata, domin ya riga ya karɓe mata layi.

Mu waiwayi kayan wasan da ƙanena ya ɗauka rashi ne. Motar kara ba ta da murya, yaro ne ke yi mata kuka da bakinsa. Kafin ta zama mota ma, sai wansa ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake feƙe karan dawa, da yadda ake huda ɓawon kwakwa ko murfin kwalba a yi taya. 'Yartsana ba ta cewa komai, saboda haka yarinya ce ke yi mata magana, ta goya ta, ta yi mata faɗa, ta tuƙa mata tuwon ƙasa, uwa kuma tana daga madafa tana tambayar ko jaririyar ta yi barci. Gibin da ke jikin irin waɗannan kaya shi ne amfaninsu, domin ta nan tunanin yaro da bakin babba ke shiga. Akun roba kuwa ya zo a cike, bai bar wa kowa wurin zama ba.

Littafi fa? Mu da muke cikin jami'a muna da saurin ɗaukaka shi, amma ya kamata mu yi adalci. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Aflatun ya ruwaito cewa malaminsa Sokratis ya soki rubutu da cewa kamar zanen hoto yake, in ka tambaye shi ba ya amsawa, abu ɗaya yake ta maimaitawa. Wannan suka gaskiya ce, kuma ta fi zama gaskiya ga yaro ɗan shekara biyu. Littafi a hannunsa shi kaɗai abin tauna ne da yagewa. To amma a wannan rauni ne falalarsa take. Ba ya aiki sai an sami cinyar da za a ɗora yaro, da yatsan da zai nuna hoto, da muryar da za ta ce, "Mene ne wannan? Akuya! Yaya take kuka?" Uwar da ba ta shiga ajin boko ba ma tana iya wannan, domin hoton ake karantawa, ba baƙaƙen ba. Haka allon makaranta yake, in babu malam a gefe katako ne kawai. Uban da ya sayo littattafai goma ya jera a kanta bai fi wanda ya sayo aku ba, in dai ba zai zauna a buɗe su tare ba.

Allon gilashi, wato fuskar waya da talabijin da kwamfutar hannu, shi ne kaɗai a cikin ukun da ba ya bukatar babba ko kaɗan. An ƙera shi ne yadda da wannan bidiyo ya ƙare wani zai kama, kuma ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya cewa a je a kwanta. Masu sayarwa sun san lagon iyaye, sai su liƙa wa kayansu sunan ilimi. A 2009 kamfanin Disney ya amince ya mayar wa iyaye a Amurka kuɗin fayafayan bidiyon jarirai na Baby Einstein, bayan masu kare haƙƙin yara sun matsa lamba a kan da'awar cewa suna ƙara wa jarirai basira. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno.

Ga mu mazauna kudu akwai ƙarin abin lura. Ɗan Bahaushen da aka haifa a Ikko ko Ibadan ko Inugu, in ya fita waje Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka zai ji, in ya je makaranta Turanci, in ya kunna waya Turanci. Hausa ba ta da wata hanyar zuwa gare shi sai bakin uwarsa da ubansa. Duk sa'ar da aka miƙa masa waya don ya yi shiru, an rage masa wani abu daga harshen da zai gaida kakarsa da shi.

Ina kaka ta tafi?

Wani zai ce, ai iyayenmu ma ba su zauna sun yi wasa da mu ba, ga shi kuma mun tashi lafiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A al'adar Bahaushe akwai kunyar ɗan fari, har uwa ba ta kiran sunansa, uba kuma ba ya sake masa fuska a gaban mutane. Ana koya wa yaro kada ya sa baki in manya na magana. Magidanci da yawa na ganin rarrafe a ƙasa da yaro zubar da girma ne.

Sai dai mai wannan magana ya manta da sauran mutanen gidan. Yaron da uwarsa ke jin kunyarsa yana da kaka, wadda al'ada ta halatta mata wasa da shi, ta kira shi mijinta, ya kira ta matarsa, su yi ta zolayar juna. Yana da goggo da inna da matan baffanni, yana da yayye da ke goya shi zuwa dandali. Tun yana goye a baya yana tsakiyar hirar masu daka da masu tsinkar zogale. Bahaushe bai taɓa barin yaro babu mai amsa masa ba, raba aikin ya yi tsakanin mutane da yawa, shi ya sa ya ce ɗa na kowa ne.

Da neman abinci da aikin gwamnati suka watsa mu birane, sai muka taho da kunyar da nisantar, muka baro kaka a gida. Gidan mutum talatin ya koma ɗaki biyu na miji da mata da 'ya'yansu. A daidai wannan lokaci ne na'urori suka iso. An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan a 1959. A shekarun 1980 tatsuniya kanta ta koma cikin akwatin, inda yara ke jiran shirin Tales by Moonlight na gidan talabijin na ƙasa. A 2001 wayar salula ta shigo, bayan wasu shekaru kuma ta zama talabijin da ke shiga aljihu. Kujerar da kaka ta bari ba ta zauna babu kowa ba, allon gilashi ne ya haye.

A nan ne amsar tambayarmu ta fara bayyana. Bashin kulawa ana iya raba shi tsakanin mutane, kuma kakanninmu sun raba shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a miƙa shi ga abin da ba ya ganin yaro. In kuwa mutanen da ake raba shi da su sun yi nisa, to, ya dawo kan mutum biyu da suka rage, ko al'ada ta shirya su ko ba ta shirya su ba. Uban da ke ganin wasa da ɗa raini ne, ya tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa. Babu girman da ya kai wannan, kuma wasa da yaro bai rage shi da komai ba.

Uzurin iyaye

Ba adalci ba ne a yi wannan magana a manta da halin da iyaye ke ciki. Ga uwa a ɗaki ɗaya, tukunya a kan risho, jariri a baya, mai shekara biyu yana rarrafowa wajen wuta, miji yana can cikin cunkoson motoci. In ta miƙa wa yaron waya na minti ashirin don ta sauke abinci lafiya, wa zai ce ta yi laifi? Ba wannan nake nufi ba. Abin tsoro shi ne abin da aka ɗauko don larura ya zama ɗabi'a, har ya kasance da yaro ya buɗe baki sai a toshe shi da waya, ko akwai wuta ko babu.

Haka kuma talauci ba ya hana biyan wannan bashi. A 1986 da 1987 wasu masu bincike ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor sun ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, dukansu waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara 2. Aikinta shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida da 'yan littattafan hotuna masu sauƙi. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo su. Rahoton da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100. Kayan wasan ba su da wata tsada. Abin da aka ƙara wa yaran shi ne hankalin iyayensu mata.

Ba kuma sai an ware wani dogon lokaci ba. Uwar da ke yanka kuɓewa tana gaya wa ɗanta sunanta, tana ba shi ɗaya ya taɓa, ta yi aikin da akun roba ba zai iya ba. Uban da ya dawo a gajiye, in ya ba da minti goma kafin barci yana tambaya ana ba shi amsa, ya biya wani abu.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi ɗaci, wato wayar da ke hannunmu mu manya. A 1975 wani masani mai suna Edward Tronick ya gabatar da wani gwaji da ya shahara. Uwa za ta yi ta wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi mata dariya, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, in ya ga abin ya faskara sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Duk wanda ya taɓa lura da fuskar mutumin da ya nutse cikin waya ya san irin wannan fuska ce. Muna ta lissafin awa nawa yaro ya yi yana kallo, ba mu lissafa awa nawa ya yi yana kallon mu muna kallo ba.

Kammalawa

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sun faɗi haka ne a kan baƙo, kuma babu baƙon da ya kai ƙaramin yaro baƙunta, tun da bai san sunan komai ba a wannan duniya da ya iso. Littafi da abin wasa da waya duk tabarmi ne, wata ta fi wata kyau, kuma mafi kyawunsu ita ce wadda ke da faɗin da babba zai zauna tare da yaro. Ƙanena bai yi laifi ba da ya shimfiɗa wa ɗansa tabarma mai tsada, ƙauna ce ta sa shi. Kuskurensa, wanda nawa ne ni ma, shi ne zaton da ya yi cewa da an shimfiɗa an gama karɓar baƙo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro ke jan rigar ubansa don ya nuna masa abu ba su da yawa. Wanda aka yi ta miƙa wa waya, wata rana zai daina jan rigar, a lokacin kuma mu ne za mu riƙa magana yana amsa mana ba tare da ya ɗaga kai ba.

Washegarin ranar, kafin in kama hanya, ƙadangaren ya dawo kan tagar. Na ɗauki yaron na kai shi kusa, na faɗa masa sunan abin sau uku. Ya dube ni, ya dubi tagar, ya ce, "Dangale." Ubansa yana bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya tsaya ya ce, "Yaya, me ya ce?" Na ce masa ya zo ya tambaye shi da kansa. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana.